Takalmin Dama

Baba shekara arba'in yana ɗinkin takalma, kuma a wajensa duk abin da ba biyu ba ne bai cika ba. Ni da nake aiki a kantin magani, nan muka samu matsala.

Likita ya canza masa maganin ciwon gwiwa. Tsohon ɗari huɗu aka rubuta a kwalinsa, sabon ɗari biyu. Ranar da na je duba shi na ƙirga ƙwayoyin, sai na ga sun ragu sosai. Na kwana goma ya kusa ƙarewa a kwana biyar, ga shi mutum ne da cikinsa ya taɓa zubar da jini.

"Haba Baba! Bibbiyu kake sha?"

"To, rabi suka ba ni, na cike. Ke da karatunki ba ki iya lissafi ba?"

Wallahi raina ya ɓaci, amma tsoro ya fi yawa. Na jawo takalma biyu daga kan bencinsa na ajiye masa a cinya.

"Waɗannan iri ɗaya ne?"

"Fata ɗaya, ɗinki ɗaya."

"To sa na hagu a ƙafar dama."

Ya harare ni ta saman tabarau. "Auta, kin fara raina ni."

Na ce masa sinadarin maganin ma haka yake, siffa biyu gare shi masu kallon juna. Ta dama ce ke shiga inda kumburin yake ta kwantar da shi. Ta hagu sai jiki ya juya wani ɓangarenta kafin ta yi amfani. A tsohon maganin haɗe suke, sabon kuwa ta dama ce zalla, shi ya sa lambar ta ragu.

"In ka sha biyu, cikinka ne zai ji jiki. Ni kuma ba zan iya komawa bakin gadon asibiti ba, Baba. Na Mama ya ishe ni."

Ya shafa takalmin. Can ya ɓallo ƙwaya ɗaya, ya juya ta a tafin hannu, ya dubi kujerar Mama da tun rasuwarta har yau bai yarda a ɗauke ta daga gefen tasa ba.

"Ashe ɗaya ma yana iya aikin shi kaɗai," ya ce. "Miƙo min ruwa."