Labulen Ɗakin Umma

Ranar da za a sallami Umma daga asibiti, Yaya ya ja ni gefe a baranda. Umma ta zame ne a banɗaki ta karya ƙugu, aka yi mata aiki, likita ya ce sai ta yi wata biyu a inda akwai mai ɗaga ta da kwantar da ita. Gidan Yaya ya fi kusa da asibiti, don haka can za ta yi jinya. Nata gidan, ɗaki biyu da falo, inda take zaune ita kaɗai tun rasuwar Baba, zai zauna a kulle.

"Auta," in ji shi, "tun da ke Allah ya ba hannu, me zai hana ki gyara gidan nan kafin wata biyun su cika? Kayan duk sun tsufa."

Na dube shi sau biyu. Wannan fa mutumin da ya sa mini suna Mai-dafa-zani ne, don kawai ina tafasa yadi a tukunya in rina. Duk taron gida sai ya tambaye ni ko labulen ya nuna a zubo masa. Yau shi ne yake cewa Allah ya ba ni hannu. Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba.

Na ce, "Ka kawo shawara. In ta dawo ta tarar da sabon wuri."

Ya ce, "Ke dai ki gyara."

Ina koyarwa a makarantar firamare, ana tashi ƙarfe biyu. Daga can sai in zarce gidan Umma, in ɗaura tsohon zani a kan kayana, in fara. Da gado na soma. Baba, Allah ya jiƙansa, mutum ne da ya yi imani da fenti. Abu in ya tsufa a shafa masa, in ya karye ma a shafa masa. Na kankare ruwan ƙasa na tarar da kore, na kankare kore na tarar da wani shuɗi da ban taɓa sanin gadon ya yi ba. A ƙarƙashin duka akwai katako ja mai kyau, ko gara ba ta taɓa shi ba. Tsohon kafintan da ke maƙwabtaka da Umma ya leƙo ya ga yadda nake dirzar katakon da sanfefa, takardar nan mai kaushi, ya riƙe baki.

"'Yata, ba wanki kike ba. Bi jijiyar katakon, kar ki gitta ta."

Shi ya daidaita mini ƙofar kabad da ta shekara goma tana rataye da hinji ɗaya. Shi kuma ya yi mini abu biyun da na fi damuwa da su. Likita ya ce kada Umma ta ƙara zama a kujera mai zurfi, sai muka ƙara wa kujerarta tsawon ƙafafu da yatsa huɗu. Sannan muka kafa mariƙi na katako a bango, daidai inda hannunta na dama zai kai in za ta tashi daga gado. Sai da na kwanta a wurinta na gwada, na tashi da ƙafa ɗaya kamar mai karaya, har sau uku muna sauya wurin ƙusa.

Rinin kuwa aikina ne ni kaɗai. Na yi sati biyu ina bin mai albasa a kasuwa yana tara mini ɓawo, har ya tambaye ni ko akuya nake kiwo. Farin yadin auduga sai an wanke shi sosai, a jiƙa shi a ruwan alif ya kwana, in ba haka ba launin ba zai kama ba. Sannan a tafasa ɓawon, a tace, a tsoma yadin ana juyawa da sanda kada ya yi dabbare-dabbare. Abin da yake fitowa ruwan zuma ne mai haske. In kuma aka ɗan tsoma shi a ruwan da tsofaffin ƙusoshi suka yi tsatsa a ciki, sai ya juye ya koma kore mai duhu. Hannuwana suka rine har wuyan hannu, 'yan ajina suna ta leƙen su suna ƙus-ƙus.

Duk Asabar da yamma ina zuwa gidan Yaya da ƙyallaye a jaka, in baje wa Umma a kan bargo. An ba ta ƙaramin ɗakin da ke kusa da kicin, wanda dā ake ajiye kwalaye a ciki.

"Umma, zaɓi. Wanne za a yi labule, wanne rigar kujera?"

Ta ɗaga wannan ta ɗaga wancan. "Wanne mutane za su fi so?"

"Waɗanne mutane kuma? Ke za ki kwana a ciki."

Ta yi 'yar dariya, ta ce in miƙo mata ruwa. Daga baya ta nuna ruwan zuman.

Yaya ma ya taɓa sa baki. Ya ga ina ƙorafin ɓawon bai isa ba, ya ce me ya sa ba zan zuba kurkum ba, ai ya fi haske ya fi sauri. Na ce kurkum mayaudari ne, wata uku a rana ya koɗe. Ya ce ba komai, ya dai fito da kyau. Na yi masa dariya, na ɗauka rashin sani ne.

Saura kwana shida wata biyun su cika na gama. Ranar Asabar da hantsi na ɗauko rigunan matasai na ƙarshe, na goge su, na nufi gidan. Na tarar da ƙofa a buɗe, da takalma biyu a bakinta da ban sani ba.

A falo wata budurwa ce ta kafa abin ɗaukar hoto a kan ƙafafu uku. Wani mutum mai babban tumbi yana matsar da kujerar Umma zuwa jikin taga, yana jan ta a ƙasa ƙiii, kujerar da na yi kwana huɗu ina shafa wa mai.

Na ce, "Lafiya? Su wa kuke nema?"

Budurwar ba ta ko ɗago ba. "Baiwar Allah, ɗan matsa, kin shiga hoto."

Mutumin ne ya saki fuska. Ya ce shi dillalin gidaje ne, Yaya ne ya ba shi makulli. Ya ce ko ni ce ƙanwar da ta yi aikin? Kai, ya yaba. Ya ce baƙin da ke kama gida na sati ɗaya ko biyu irin wannan suke nema, abin hannu, ba na kanti ba. Gida da kayansa, a shiga da jaka kawai. Har an samu waɗanda za su fara shiga farkon wata.

"Sati mai zuwa mai gidan za ta dawo," na ce.

Ya dubi budurwar, ya dube ni. "To, ni dai ba haka aka gaya mini ba."

Na shiga ɗakin kwana. An shimfiɗa zanin gadon da na rina, an ja labulen, rana ta ratso shi ɗakin duk ya yi ruwan zuma, daidai yadda na yi ta hasashe. Amma hoton Baba ba ya bango. Kwandon magungunan Umma da carbinta da tabaranta an tura su ƙarƙashin gado. Mariƙin nan kuma yana jingine a bayan ƙofa, an cire shi, ramukan ƙusa huɗu suna kallona.

Dillalin ya biyo ni yana cewa, "Wannan sandar ce kawai ta ɓata tsarin, sai ka ce asibiti. In da sauran fenti a toshe ramukan."

Ban san lokacin da na ce masa ya fita ba. Na faɗa da ƙarfin da har kafinta ya leƙo ta katanga. Na ajiye rigunan matasan a ƙasa, na tari mota zuwa gidan Yaya.

Na same shi a tsakar gida yana wanke mota. Da ya ga fuskata ya kashe famfo.

"Kin haɗu da su ke nan. Na ce masa ya bari sai Litinin."

"Abin da ya dame ka ke nan? Ranar?"

"Auta, ki saurara. Umma ba za ta iya zama ita kaɗai ba kuma. Likita ya faɗa tun a asibiti. In ta sake faɗuwa wa zai ji? Gida kuma ba a barin shi a kulle ya lalace."

"To me ya hana ka faɗa mini? Bakinka ciwo yake?"

"Da na faɗa, za ki yi?"

"Ba zan yi ba!"

"To kin gani."

Wallahi da bokitin nan yana kusa da ni da na juye masa. Wata biyu ina shaƙar ƙurar fenti, ina kwanciya a gadon tsohuwa ina gwada tashi da ƙafa ɗaya, shi yana sane, yana kallona ina shigowa da ƙyallaye. Sai a lokacin na tuna bai taɓa cewa gyaran don Umma ne ba. Ni na faɗa, shi ya bar ni da faɗata. Ya yi mini sakiyar da ba ruwa, kuma da hannuna na riƙe masa wuƙar.

Na ce, "Za ka kore ta daga ɗakinta tana kwance ba ta iya tashi. Bari in shiga in gaya mata irin ɗan da ta haifa."

Ya ɗauki tsummansa ya ci gaba da goge gilashi. "Shiga mana."

Yadda ya faɗe shi bai kwanta mini ba, amma na shiga.

Umma tana zaune a bakin gado, sandar dogarawarta a gefe. Ta ji komai, ɗakin ba shi da nisa da tsakar gida. Ban kai ga buɗe baki ba ta ce, "Zauna, Auta."

Ban zauna ba.

"Kar ki ga laifin yayanki. Ni na ce kada a gaya miki."

Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Na tsaya ina kallonta kamar ban san ta ba.

"Tun yaushe?"

"Tun a asibiti. Ni na san ƙafar nan ba za ta koma kamar dā ba. Tsoron gidan nake ji, Auta. Awa uku na yi a ƙasan banɗakin nan ina kira." Ta gyara zaninta. "Na san halinki. Da kin ji, za ki ce za ki bar gidanki ki dawo ki zauna da ni, ki yi ta rigima da kowa. Kuma gyaran, in kin san na baƙi ne, ba za ki yi shi da zuciya ɗaya ba. Ke in ba ki so abu ba, a aikin ake gani."

"Shi ya sa kika bar ni ina kawo miki ƙyallaye."

"Ina jin daɗin ganinki kina murna."

Wannan ta fi komai ciwo. Da Yaya ne kaɗai, da na yi masa fushin wata guda na huce, don shi dama tun muna yara haka yake, ya yanke hukunci sannan ya sanar. Amma Umma ce. Ita nake kai wa ƙarar kowa. Asabar bakwai ina durƙusawa a gabanta ina ba ta labarin inda hannunta zai kama in za ta tashi, tana gyaɗa kai, tana sa mini albarka.

Na ce, "Da kin ce mini tsoro kike ji, Umma. Kalma ɗaya. Ni ba yarinya ba ce, shekarata talatin da huɗu."

Ta sunkuyar da kai. Daga kicin ina jin matar Yaya ta rage ƙarar famfo don ta ji da kyau. Umma ta ɗaga kai ta dubi tagar ɗakin, wadda aka toshe rabinta da kwali. Na san so take ta gyara, ta ba ni wani abu in riƙe, irin yadda ake miƙa wa yaro alewa bayan allura.

"Tagar nan ba ta da labule," ta ce a hankali. "Rana tana damuna da hantsi. In kin samu lokaci, ko za ki rina mini ɗaya?"

Na ce, "Wannan ke za ki zauna a bayansa, ko shi ma hoto za a ɗauka?"

Tun da aka haife ni ban taɓa mayar mata da magana irin wannan ba. Na tsaya ina jira ta daka mini tsawa, ta ce ni da wa nake, ta kira ni marar kunya, ko na samu abin da zan riƙe in yi kuka. Ba ta yi ba. Ta kama gefen katifa da hannu biyu, ta ja ƙafar mai ciwo a hankali ta hau da ita gado, tana cije leɓe. Na ga tana buƙatar a tallafe ta, hannuna har ya motsa. Ba ta kira ni ba, ni ma ban matsa ba. Ta kwanta ta juya fuskarta bango.

"Ja mini ƙofar in za ki fita," ta ce.