Hatimi na Goma Sha Ɗaya

Jirgin ƙasa ya wuce garin Goshogawara, ni kaɗai a taragon. A jakata: takardar izini, tawadar hatimi, kwalin wainar shinkafa, lema.

Baba Kuramochi, maƙwabcinmu, shi ya aike ni. Shekara ashirin shi da abokansa goma suna tara kalmomin yaren yankinmu na Tsugaru a wani ƙamus na intanet, kowa ya kwafa kyauta. Da likita ya ce makonni suka rage masa a duniya, sai ɗansa Naoto ya dage a mai da ƙamus ɗin littafin karantawa a waya, tsoho ya gani a kantin littattafai na intanet kafin ya tafi.

Tun da na dawo daga karatu a Kanada, duk takarda mai ƙananan rubutu a layinmu ni ake kawo wa. Sharaɗin ƙamus ya hana a kulle shi. Kantin kuwa kowane littafi sai ya sa masa makulli don kada a kwafa. Mafita ɗaya ce: duka marubutan su buga hatimi a sauya sharaɗi. Goma sun buga, har da Baba. Saura Iya Oshikiri, wadda wurinta na nufa.

Na same ta a ƙofar gida tana shanya ciyawar teku ta miya.

"Mai taurin kan nan bai mutu ba tukuna?"

"Yana hanya, Iya."

Ta karanta takardar har ƙasa, ta miƙo min.

"Wa ya rubuta kada a kulle? Shi ne, a ɗakin nan, yana shanye min miya. Maganar kakata ce a ciki, 'yar nan. Ba na sa wa kakata kwaɗo. Bar wainar, tafi da takardar."

Washegari da safe na shiga wurin Baba. Yana kwance a shimfiɗa, taga a buɗe wajen bishiyar tuffa. Naoto ya fita karɓo magani.

"Ta buga?"

"Ta ƙi, Baba."

Ya rufe ido, ƙirjinsa na rawa. Na ɗauka kuka ne. Dariya ce.

"Tun da kika tafi nake fargabar kada ta yarda. Yaron nan so yake ya yi min wani abu. Yaya zan ce masa a'a?"

"Ni kuma da na sha awa huɗu a jirgi?"

"Ke ai kin saba da nisa."

Ya nemi shayi, ya sha rabi, ya yi barci mai nauyi. Ranar Alhamis da rana ya cika.

Bayan an ƙone gawar bisa al'adar garinmu, Naoto ya tsaya a zaure da takardun a hannu.

"Ya tafi da baƙin ciki, ko?"

Na gaya masa abin da na gani. Ya daɗe yana kallon takalman uban, sannan ya sauke ajiyar zuciya, ya zauna a dakali.

Na fito, na ja masa ƙofa a hankali. Littafin zan haɗa shi da kaina, in ajiye a gefen ƙamus a intanet, a buɗe, babu makulli.