Bawul Takwas

Duk ranar Asabar, tun kafin ya sha shayi, Baba yakan buɗe bonet ɗin tsohuwar motarsa ya ɗan zare wayar fulogi ta uku. Kaɗan dai, yadda inji zai riƙa ɗingishi. Sai ya lallaɓa da ita gareji tana karkarwa kamar mai zazzaɓi.

Kada ku ce taɓin hankali ne, wallahi kaɗaici ne. Tunda matarsa ta rasu, 'ya'ya kowa ya kama gabansa, ba mai magana a gidan sai agogon bango. A gareji kuwa ga benci, ga hira, ga bakaniken da ake kira Kunne, saboda da sukudireba yake sauraren inji: ya ɗora bakinta a kan ƙarfe, ya kara ƙotar a kunnensa.

To, rana dubu ta ɓarawo. Ran nan Kunne ya saurara, ya tura wayar ta zauna, inji ya daidaita, amma bai rufe bonet ba.

"Baba, shekarata talatin a aikin nan, ban taɓa ganin wayar da ke zare kanta ranar Asabar kaɗai ba."

Wayyo! Baba ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Shi ke nan, shi da bencin nan sai dai kallo daga nesa. Ya juya zai shiga mota.

"Ina kuma za ka?" in ji Kunne, yana miƙa masa sukudireba. "Kara kunnenka nan. Ka ji wani ƙas-ƙas-ƙas daga sama, yana bin gudun inji?"

Baba ya kara, ya kuwa ji.

"Bawul ne suka saki. Wannan ciwon gaskiya ne, ba irin naka ba. Guda takwas ne, kuma ba a saita su sai inji ya huce sarai. Ni ma tsufa ya kama ni, ɗaya nake iya yi a rana. Ka riƙa kawo ta duk Asabar, ka zauna ta huce."

Shekara arba'in Baba yana tuƙi, ya san duka aikin bai wuce awa guda ba. Ya miƙa wa Kunne sukudirebarsa, ya koma kan benci ya zauna.

Da ya koma gida, ya tsaya gaban kalandar bango ya yi wa Asabar takwas alama, ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe a tsaye da biro a hannu, yana kallon ta tara.