Gorar Kogi da Gorar Mota

Shekara ashirin da shida ina dafa gora a masana'antar bakin kogin Karnaphuli, ba wanda ya taɓa ce mini girkina bai yi ba. Tukunyata ta fi bene hawa uku tsawo. A ɓarza gora a cika ta, in sakar mata tururi ya wanke zaƙin itacen, sannan a zuba soda. Abin da ya rage fari tas shi ake narkarwa, a ja zare, a saƙa yadin nan mai santsi da matanmu ke ɗaurawa ranar biki.

To, a bana girki ya ƙi auki. Gora tan ɗari da ke ba mu tan talatin da uku na farin nan, sai ga shi da ƙyar muke ganin talatin. Manaja, Yallaɓai Dastidar, ya ɗora laifin kan gorar da ake turowa ta kogi, wai ta sha ruwa ta ruɓe. Ya ce in wata ya ƙare ba canji, zai rufe mashigar kogi mu tsaya kan wadda motoci ke kawowa.

Abin ya tsaya mini a rai, saboda Kalachand. Shi ke ɗaure gora dubbai, ya kafa 'yar bukka a kai, ya yi mako uku bisa ruwa yana turo ta daga duwatsu. Gida arba'in na ƙauyensu da wannan suke ci. Abokina ne tun muna da gashi a ka, kuma 'yarsa Rupali ce a ɗakin gwajinmu.

Ran Talata da rana ta same ni gindin bishiyar mangwaro, ta ajiye mini langar shinkafa.

"Kawu Mofijul, yau ni na yi maka girki."

Na kai loma ɗaya na tsaya. Rabi ta caɓe kamar kunu, rabi tana ƙaras-ƙaras.

"Ke 'yar nan, digirin naki bai haɗa da shinkafa ba? Wa ke haɗa sabuwa da tsohuwa a tukunya ɗaya? Ko jikata ta san wannan!"

"Ai ni ma haka na gani, Kawu. Amma na ce tunda kai kana yi kullum, ƙila akwai sirri."

"Ni? Yaushe?"

"Gorar Baba tana zuwa a jiƙe, tururi na taɓa ta ta nuna. Ta mota a bushe take kamar ƙashi. Duka a tukunya ɗaya kake zuba su. Minti nawa ka ƙara tun da motoci suka fara zuwa?"

Na ture langar gefe. Minti ashirin da biyar na ƙara, ban kuwa gaya wa kowa ba, don a ganina gwani ba ya shawara. Na ƙara ne don busasshiyar ta dahu, ashe jiƙaƙƙiyar nake narkarwa tana bin kwata. Kunya ta kama ni, haushi kuma ya biyo baya, har na ce mata tun ba a haife ta ba nake wannan aiki.

"Gaskiya ne," in ji ta. "Cinye abincinka, kada ya huce."

Na cinye kuwa, don hukuncina ne.

Washegari na sa aka raba tsibi biyu a fili. Masu lodi suka yi ta ƙunƙuni, wai tsoho ya fara ruɗewa. Gorar kogi na rage mata tururi, ta mota muka yayyafa mata ruwa ta kwana biyu kafin ta ga tukunya. Rupali na ɗibar samfuri tana aunawa, ni kuwa ina ta kai-komo a ƙofarta kamar mai jiran haihuwa.

Ranar goma sha biyu manaja ya kira mu. Takardar sakamakon gwaji na hannunsa: gorar kogi ta ba da tan talatin da biyar.

"Mofijul, wane asiri ka yi?"

Da na so, sai in ce gwaninta ce, Rupali ba za ta tanka ba. Na ce, "Yallaɓai, ba asiri. Ni na ɓata, ita ta gyara. Gorar mutanen nan ba ta taɓa yin laifi ba."

Ya ajiye takardar, ya ce a bar mashigar kogi a buɗe.

Da la'asar na gangara bakin ruwa. Kalachand ya iso ke nan, yana zaune bakin bukkarsa yana dafa shayi, bai ma san an yi ba. Ya miƙo mini kofi.

"Tsoho, na ji ƙishin-ƙishin wai gorata ba ta da kyau. In gaskiya ne ka faɗa mini tun yanzu, mutanena na can sun wasa adda suna jirana."

"Ka ce su sara," na ce masa. "Duk abin da kogi zai iya ɗauka, ku turo."