Sitiyarin Motar Yaya

Ni aka ɗora wa aikin raba Yaya da motarsa. Ba wayo na fi kowa ba, ni ne dai kaɗai a gidanmu ban iya cewa a'a ba. Na haura hamsin, sanƙo ya cinye min rabin kai, amma har gobe Auta ake kirana, auta kuwa ɗan aike ne har ya shiga kabari.

Motar ja ce, mai ƙofa biyu, irin ta tsere, a daɓare da ƙasa kamar giwa ta taka ta. Yaya ya saye ta tsohuwa bayan ya ajiye tuƙin tirela. Ya ce ya gaji da jan kayan mutane, yanzu kansa zai ja. Bara hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na hagu ya saki. Ƙafar ta dawo, bakin ya miƙe, hannun ne ya taho rabin hanya ya tsaya. Likita ya ce ya haƙura da tuƙi. Yaya ya ce likitan ko keke bai iya ba.

Ya ci gaba da fita abinsa. Sitiyarin motar yana da fawa, wato famfon mai da ke taya direba juyawa, da yatsa biyu ma sai ka sha kwana. Matsalar ita ce duk sanda hannun dama ya sauka kan giya, sai a bar na hagu shi kaɗai da sitiyari, shi kuma ya daina riƙon amana. Yaya ya goge katangar maƙwabci. Ya watsar da teburin mai lemo. Ranar da ya hau dakalin makarantar yara ana daf da tashinsu, 'yarsa ta fari, wadda take aikin jinya, ta same ni a ofis ko fararen kayanta ba ta cire ba.

Ta ce sun ɓoye makulli, ashe yana da wani. Sun cire batir, ya aro. Da suka yi zancen sayarwa sai ya daina cin abinci ya juya wa kowa baya.

"Baffa, in ya take ɗan wani, shi kansa ba zai rayu ba. In muka ƙwace motar, nan ma ba zai rayu ba. Ka samo mana yadda zai ajiye ta da hannunsa."

Na ce to, kamar yadda na saba cewa tun ina ɗan wando.

Dabarar a bakin Yaya na tsince ta. Tun muna samari yake cika baki cewa fawa ta ragwaye ce, su a zamaninsu da ƙirji ake juya tirela. Sai na je gidan da yamma, na same shi a rumfar motar yana goge mata fitila da tsohuwar singileti. Na ce wai na ji 'yan tsere na gaskiya cire fawa suke yi, don su riƙa jin titi a tafin hannunsu. Na faɗa ina duban takalmina. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce ashe dai sanƙon nan akwai abu a ƙarƙashinsa.

Ranar Asabar da safe Baƙin Mai ya iso da akwatin sifanoninsa. Tsohon yaron motar Yaya ne, yanzu bakanike, furfura ta rufe shi amma har yau Oga yake ce wa Yaya. Na riga na kai shi gefe na bayyana masa abin da ake ciki. Ya ce aikin kala biyu ne. Ko a cire bel da famfo, a haɗa bakin tiyo biyun a bar man a ciki, sitiyari ya zama dutsen niƙa. Ko a kwance sandar sitiyarin gaba ɗaya, a zare robar da ke tare mai a cikinta, a cika giris, nauyin ya ragu. Na ce a yi na farkon. Ya sosa ƙeya ya ce Allah ya yafe mana.

Yaya ya sa aka kawo masa kujerar roba ya zauna kamar alƙali. Aka zare bel. Aka kwance famfo, jan mai ya riƙa tsiyaya cikin yankakkiyar jarka, ni kuma aka ba ni riƙon noti a tafin hannu, aikin da ya dace da ilimina. Da Baƙin Mai ya ɗauko guntun tiyo zai haɗa, sai Yaya ya buga sandarsa a ƙasa.

"Kai, aikin 'yan ci-da-gaggawa za ka yi min? Ni na koya maka haka? Sauke sandar sitiyarin."

Baƙin Mai ya dube ni. Ni kuma na dubi notunan. Haka aka ɗaga mota a jak, aka cire tayoyin gaba, aka sauke sandar aka shimfiɗa ta a kan kwali. Yaya ya sauko daga kujera ya durƙusa, ya zare robar da kansa da hannun dama, ya danna giris da babban yatsa har gwiwar hannu ta yi baƙi. Rabon da in ji yana waƙa a maƙoshi tun kafin ciwon. Matarsa ta leƙo ta taga ta yi min tambaya da ido, na ɗaga kafaɗa. Tun daga nan na rasa abin da nake roƙo, dabarar ta ci ko ta faɗi.

Rana ta take tsaka aka sauke motar. Layin gidan Yaya matsattse ne, in ka fito daga ƙofa dole ka karya kwana nan take, in ba haka ba ka sumbaci katangar da ke gabanka. Ya shiga, ya tayar, salansar motar ta yi gurnaninta. Ya sa giya, motar ta silalo zuwa ƙofa. Ya kama sitiyari da hannu biyu ya ja. Na daman ya ja, na hagun ya zame ya faɗi kan cinyarsa. Ya ɗauko shi da ɗayan hannun ya mayar, kamar mai gyara wa yaro zama. Ya sake ja. Jijiyoyin wuyansa suka tashi, tayoyin suka ɗan karkata kaɗan suka tsaya. Ya koma baya ya sake gwadawa, ya kuma sakewa. A na ƙarshe ƙafarsa ta kuɓuce daga kuloci, injin ya mutu, hancin motar yana shinshinar katanga.

Baƙin Mai ya duƙufa yana goge sifana ɗaya tilo kamar za a kai ta gasa. Labulen tagar ya sauka.

Yaya ya zauna yana numfashi, gumi yana ɗiga daga gemunsa. Can ya buɗe ƙofa ya zagaya ɗaya ɓangaren.

"Auta, zo ka fitar da ita."

Ni da babu abin da na ɗaga a shekarun nan da ya fi kofin shayi nauyi. Na rungumi sitiyarin nan kamar mai kokawa da rago, kafaɗata ta yi ƙara, na yi gaba na yi baya har maƙwabta suka fara leƙowa. Yaya ya ce ko mahaifiyarmu da take daka ta fi ni damtse. Da ƙyar muka fita.

Da muka hau babban titi motar ta ɗauki gudu, sai nauyin ya narke. Abin da na faɗa don yaudara ashe gaskiya ne. Kowace tsakuwa, kowace tsaga ta kwalta, ina jin ta a tafin hannuna kamar ina tafiya ba takalmi. Yaya ya miƙo hannun dama ya ɗora a gefen sitiyarin, bai ja ba, bai tura ba, ya dai bar shi a nan yana rawa tare da titin. Ya lumshe ido.

Muka kai inda hanya ta miƙe sambal babu kowa. Na san a nan ko da hannu ɗaya zai iya, kuma ban tanadi ƙaryar da zan yi masa in ya ce in tsaya mu yi musanya ba. Na rage gudu ina jira.

"Wa ya ce ka sassauta? Taka ta."

Na taka. Muka yi nisa, sannan muka juyo. Ya janye hannunsa ya duba girisin da ya maƙale a farcensa, ya ce aikin ya yi kyau, Baƙin Mai bai manta karatu ba. Na ce ƙwarai. Na buɗe baki zan ƙara wani abu, ya ce in kula da gabana.

A bakin layinsu na kunna sigina. Ya ce in tsaya a nan.

"Kada ka shigar da ita, kwanar nan ta fi ƙarfinka. Wuce da ita gidanka, ƙofarka ta fi faɗi."

Na ce to yaushe zan dawo da ita. Ya ce in ya neme ta zai aiko. Ya dafa ƙofa ya miƙe a hankali, ya ƙi hannun da na miƙa masa. Na tsaya inji yana aiki, ina kallonsa yana bin gefen katanga, sandar a dama, hannun hagu yana lilo a gefensa. Wani mai babur ya matsa min ham ta baya, ya ce Baba in ba ka iya ba ka ba masu iyawa. Na sa giya na ba shi hanya.