Ɗan Ƙasarsu

Ni dai ƙwallon nan da ake rungume ta a zuba da gudu, ƙarti da hular kwano suna karo kamar raguna, ba ta taɓa shiga kaina ba. Dole ce ta sa na san ta, don ita ta raba maƙwabciyata Dije da ɗanta.

A unguwar Muhandisin muke zaune, ƙofa na kallon ƙofa. Mijina Habila da mijinta Alhaji Muhammadu duk a ofishin jakadancinmu na Alƙahira suke aiki. Su daga Kanada aka taso su, tsakiyar shekarun casa'in. Da za su taho, Alhaji ya bar ɗansu Haisam a hannun wani amininsa, wai kada karatun yaro ya lalace. Dije ta haɗa kaya ta biyo mijinta. Ɗan fari ne, ga kunya. Ko sunansa ba ta kamawa, balle ta buɗe baki ta ce ba ta iya rabuwa da shi. "Yaron nan" take ce masa. Ni kam kunyar nan haushi take ba ni, na kuma sha gaya mata.

Sau ɗaya ya zo hutu yana ɗan siriri. Daga nan kowane hutu ƙwallo ta cinye, sai hotuna yake aikowa, fuska cikin hular kwano, kafaɗu cike da abin kariya. A shekarar da ya gama jami'a ya yi alkawarin zuwa da bazara. Dije ta ja ni kasuwar Ataba, muka sha turereniya, ta zaɓi farar jallabiya mai kyau. Da na ce, "Ta Haisam ce ko?" sai ta kau da kai ta ce baƙo za su yi.

Ana nan, wata rana da la'asar Alhaji ya dawo daga ofis baki har kunne. Ƙungiyoyin ƙwararru na Kanada sun yi zaɓen sababbin 'yan wasa, an ɗauki Haisam tun a zagayen farko.

Habila ya ce, "Alhaji, duk ya fi sauran iyawa ke nan?"

"Ya iya, amma ba iyawar kaɗai ba ce. Dokarsu ta ce kowace ƙungiya dole ta sa 'yan ƙasa a fili, ba Amurkawa zalla ba. Amurkawa ga su nan birjik, ɗan ƙasa ƙaƙƙarfa shi ne wahalar samu. Wanda ya yi sanya, a bar shi da ragowa. Shi ya sa ake wawarsu da wuri."

Na ce, "To Haisam ɗin ɗan ƙasarsu ne?"

"Maman Comfort, ai a wurinsu inda yaro ya yi ƙuruciyarsa ake dubawa. Da mun taho da shi, da shekarun zamansa a can ba su cika ba, khalas, shi ke nan, sai a jefa shi cikin baƙi. Kun ga amfanin barin sa can!"

Dije tana zuba shayi. Na ga ya cika kofi yana malala a faranti, ba ta daina ba sai da na riƙe hannunta. Tausayinta ya kama ni ƙwarai.

Washegari Haisam ya bugo waya, Hausarsa duk ta karye. Ya ce za a shiga sansanin horo, wasa kuma sai sanyi ya shigo ake gamawa, bana dai ba zai samu zuwa ba. Dije ta ce, "Ma'alish, ba komai. Allah ya yi albarka." Alhaji ya karɓi wayar yana dariya, yana tambayarsa ko gaskiya ne yanzu da kyar yake shiga ƙofa.

Da safe ta ƙwanƙwasa mini, jallabiyar na cikin leda. Muka koma Ataba ta ce wa mai shagon a canza, ta yi kaɗan. Ya tambaya da Larabci ta wa ce.

"Ta ɗana ce," in ji Dije. "Haisam."

Ban taɓa jin sunan a bakinta ba sai ranar.

Mutumin ya ce, "Tamam, ya hajja. Yaya girmansa?"

Ta buɗe hannuwa za ta gwada masa faɗin kafaɗa. Ta ƙara buɗewa kaɗan, ta tsaya. Can sai ta sauke su.

"Ban sani ba," ta ce.