Yawun Kyanwa

Ranar da sashenmu ya gayyato Handoyo ya ba ɗalibai shawarar neman aiki, layin baya na zauna don kada fuskata ta tona ni. Tare muka yi karatun ƙwayoyin gado da shi a nan jami'armu ta garin Malang, kuma ni shaida ce ko bututun gwaji bai iya riƙewa ba. Yanzu kamfani gare shi a Jakarta. Iyaye su goga auduga a bakin yaro su aika masa, shi kuma ya faɗa musu ko likita ɗansu zai zama ko makaɗi. Boka ne dai, sai dai nasa bokancin da farar riga ake yi.

Ya tsaya gaban allo yana ta girgiza agogonsa don a gani. Ya ce su daina kashe ƙuruciyarsu kan binciken da ba mai karantawa, ilimin da bai shiga kasuwa ba gawa ne. Shugaban sashe, wanda ya kasa samo mana ko firji ɗaya, sai gyaɗa kai yake kamar ƙadangare. Aka tafa, aka raba shinkafar kwali da soyayyen tempe, wani irin awara na waken soya.

Ni damuwata Kinanti ce, ɗalibata da ke taya mu aiki a ɗakin gwaji. Tun shigowarta nake koya mata ware bayanan gadon sauro daga na ƙwayar cutar da ke cikinsa a kwamfuta, har ta fi ni hannu. Ban taɓa samun irinta ba, kuma ba na jin zan sake. Ina kallo Handoyo ya tare ta a bakin ƙofa, ya miƙa mata katinsa da kwalin gwajinsa kyauta. Abincin nan bai ciwu mini ba.

Bayan makonni ta shigo ofishina tana danne dariya. Ashe audugar ba a bakinta ta goga ba, a bakin kyanwar nan mai ido ɗaya da ke kwana bayan kantin abinci ta goga. Sakamako ya zo da hatimi: yarinyar tana da baiwar lissafi da kiɗan piyano, amma a rage mata kifi. Na yi dariya har da hawaye. Na ce ta kawo mu baza, asirinsa ya tonu kowa ya huta.

Ta ce ai ta riga ta aika wa Handoyo, har da hoton kyanwar.

"To, me ya ce, marar kunyar?"

"Kirana ya yi, Malama. Ya ce mai kai irin nawa yake nema."

Na ce ina fata ta wanke shi tas. Ta sunkuyar da kai. Ta tuna mini aikinta a wajenmu na wucin gadi ne, kuma wannan karon ba wanda ya yi zancen sabunta shi. Ta tuna mini ni kaina, da furfurata, har yau a wucin gadin nake zaune. Kuma ba ƙarya ta yi ba.

Da ƙyar na tambaye ta wane aiki zai ba ta.

"Manhaja zan rubuta musu," ta ce, "wadda za ta riƙa gane yawun dabba kafin sakamako ya fita."

Ni na koya mata wannan, a kan teburin nan. Kuma na san ta, ko kyanwa ɗaya ba za ta sake wucewa ba.